Larurar Rashin Tattara Hankali ga Manya: Gane Ta da Zama da Ita

Larurar rashin tattara hankali da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD, matsala ce da ke da tushe a yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun ƙuruciya. Mai ita yana fama wajen tsayar da hankalinsa kan abin da ke gabansa, da tsara aiki, da kiyaye lokaci, da danne abin da zuciya ta zabura za ta yi nan take. An daɗe ana ɗaukar ta matsalar yara, wadda girma ke kawarwa. Bin diddigin yaran har suka zama magidanta ya rushe wannan zato. Wani nazari da Stephen Faraone da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya nuna cewa a shekara 25 da haihuwa, kusan kashi 15 cikin 100 na yaran suna nan da cikakkun alamominsu, idan kuma aka haɗa da masu ragowar alamomin da ke ci gaba da wahalar da su, adadin ya kai kusan kashi 65. Ƙiyasin da aka fi dogara da shi a duniya shi ne yara 5 cikin 100, manya kuwa tsakanin 2 da 3 cikin 100. Da yawa daga cikin manyan nan ba su taɓa jin sunan abin da ke damun su ba.

Ba wayar hannu ce ta kawo ta ba, ko da yake waya tana ƙara rura ta. Wani likitan Jamus, Melchior Adam Weikard, ya siffanta masu irin wannan hali a 1775, Alexander Crichton ɗan Sikotlan ma ya yi haka a 1798. A 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan wasu yara masu ƙiriniyar da ta wuce misali, alhali hankalinsu lafiya lau. A 1937 Charles Bradley ya lura a Amurka cewa wani maganin ƙara kuzari, Benzedrine, yana natsar da irin waɗannan yara maimakon ya ƙara hargitsa su. Sai a shekarun 1970 Paul Wender da wasu a jihar Utah suka mai da hankali kan manya. Kundin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka ya ba larurar sunan da ake amfani da shi yanzu a 1987, bugun 2013 kuma ya gyara sharuɗɗan don su dace da manya. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 shi ma ya karɓi sunan.

Alamomin babba ba irin na yaro ba ne. Yaron da ke haye-haye da guje-guje, idan ya girma ya kan iya zama wuri ɗaya, sai dai rashin natsuwar ta koma ciki: ƙafa na kaɗawa, hannu na laluben waya, zaman taro ko bin layi ya zame masa azaba. Abin da ya fi nacewa shi ne ɓangaren hankali. Ana yi masa magana yana kallon mai maganar, amma ya yi nisa. Ya karanta shafi ya kai ƙarshe bai riƙe komai ba. Makulli, kuɗi, katin banki, takardar asibiti, kullum ana cikin cigiyarsu. Ya ɗauki alkawari da zuciya ɗaya ya sha'afa. Ga kuma garaje: katse mutum ana tsakar magana, suɓutar baki, sayen abin da ba a yi niyya ba, ajiye aiki cikin fushi, tuƙin ganganci. Saurin hasala da saurin hucewa ba sa cikin sharuɗɗan da aka rubuta, amma likitocin da ke ganin manya sun san su sosai, kuma sau da yawa su ne ke fara ɓata tsakaninsa da mutane.

A ɗauki misalin tela mai hannu, wanda kowa ya shaida ɗinkinsa. Ya karɓi shadda tun farkon azumi, ya auna mai ita, ya rubuta awon a bayan kwalin zare, kwalin ya bi shara. Kullum ya buɗe shago yana sane da aikin, yana kallon shaddar a kan kanta, yana jin nauyinta a ƙirjinsa, amma hannu ya ƙi kai wa gare ta. Ya gyara keken da bai lalace ba, ya yanka wani yadin da ba a gaggawarsa, ya tsaya hira da mai shayi. Ana jibi salla sai ya zauna ya kwana biyu ba barci, ya fitar da aikin da ya fi na kowa kyau, amma ya manta bai sayo maɓalli ba. Saɓa alkawarin salla tsohuwar al'adar teloli ce, don haka wannan kaɗai ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne ko haka yake a kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da zumunci, da shan magani, kuma ko haka yake tun yana firamare.

Wannan misali ya fito da abin da ya fi ruɗa iyali. Mutumin da ya kasa cike takarda mai shafi ɗaya yana iya shafe awa biyar yana kwance injin ko yana karanta abin da ya ba shi sha'awa, har abinci ya huce bai sani ba. Sai a ce ai ga shi nan, in ya ga dama yana iyawa. Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannun mai shi. Abin da ke jan sa shi ne sabon abu, ko mai ban sha'awa, ko wanda wa'adinsa ya zo wuya. Muhimmancin aiki shi kaɗai ba ya isa ya motsa shi. Masanin halayyar ɗan Adam Russell Barkley ya daɗe yana bayyana cewa matsalar ba ta rashin sani ba ce, ta aiwatar da abin da aka sani ce a daidai lokacin da ake bukatarsa. Shi ya sa nasiha ba ta cika yin tasiri ba. Duk abin da za a faɗa masa ya riga ya faɗa wa kansa, da kalmomin da suka fi zafi.

Mata sun fi faɗawa cikin waɗanda ba a gane ba. A yara ana samun maza biyu a kan mace ɗaya, a manya kuwa tazarar tana raguwa, abin da ke nuna cewa an tsallake 'yan mata da yawa. Yarinya mai wannan larura sau da yawa ba ta tayar da ƙura. Tana zaune shiru a bayan aji hankalinta na wani wuri, a ce da ita sakara ko mai sanyin jiki, a wuce. Asirin yana tonuwa ne bayan aure, lokacin da girki da wanki da reno da baƙi da lissafin cefane suka taru a kanta ita kaɗai. Tuwo ya kama tana shanya, shanyar ta kwana a igiya, ranar allurar yaro ta wuce. A gidan da ake gwada ta da kishiya ko faccala, hukuncin ba ya jinkiri: ƙazama ce, ballagaza ce, ba a koya mata a gidansu ba. Wasu kuma suna rufe abin da wahalar da ba a gani, suna duba komai sau uku, suna kwana aiki, har gajiya da damuwa su kai su asibiti, a ba su maganin damuwar a bar tushen.

Akwai dalilan da ke sa mutum ya kai shekara 30 ko 40 ba a gane ba. Mai kaifin basira yana cin jarrabawa da karatun dare ɗaya, sai ya shiga jami'a ko aiki, inda babu mai tsaya masa a kai, abubuwa su wargaje. Wani kuma tsarin gida ko na makarantar kwana ne ya riƙe shi, ƙararrawa na tayar da shi, ƙararrawa na kwantar da shi. A ajin da ɗalibai suka haura 100, malami ba shi da sararin bambance mai larura da mara ji, bulala ɗaya ce ke hawa kansu. A ƙasar Hausa kuma akwai fassarori a shirye: wanda ya kasa zama a sana'a ɗaya ko gari ɗaya a ce kurciya aka yi masa, wanda kuɗi ba sa zama a hannunsa a ce baki ne ke bin sa, in an gaji a ce hali zanen dutse. Ta nan ake rufe maganar kafin a buɗe ta.

Gado ne ya fi ƙarfi cikin musabbabanta. Binciken tagwaye ya nuna cewa kusan kashi 74 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane a wannan hali daga ƙwayoyin halitta yake, ba kuma ƙwaya ɗaya ba, ɗimbinsu ne kowace da ɗan tasirinta. Wannan ne ya sa iyaye da yawa ke gane kansu a ranar da suka kai ɗansu asibiti, likita na karanta alamomin yaro, uba na jin tarihinsa. Haihuwar bakwaini, da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa, da gubar dalma suna ƙara haɗarin. Batun dalma ba na nesa ba ne: gubar da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, waɗanda suka tsira kuma yanzu samari da 'yan mata ne da ya kamata a riƙa lura da karatunsu da halayensu. A cikin ƙwaƙwalwa, abin ya shafi hanyoyin da ke amfani da sinadaran dofamin da noradirenalin, musamman a sashen gaba mai kula da tsari da kamun kai. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa na 2007 a Amurka ya gano cewa ɓawon ƙwaƙwalwar yaran yana jinkirin nuna da kusan shekara 3. Shan zaƙi ba ya jawo ta. Rashin tarbiyya ma ba ya jawo ta, sai dai gida mai hargitsi yana tsananta ta.

Barin ta ba kulawa yana da tsada. Wani bincike a Denmak da ya bi mutane kusan miliyan 2, wanda aka buga a 2015, ya samu cewa masu larurar sun ninka sauran jama'a haɗarin mutuwa da wuri, mafi yawa ta hanyar haɗurra, kuma abin ya fi muni ga waɗanda sai da suka girma aka gano su. A Suwidin an samu ƙarin kusan kashi 45 cikin 100 na munanan haɗurran hanya a tsakaninsu. Bayan wannan akwai bashi, da sauya aiki, da mutuwar aure, da damuwa da fargaba. Akwai kuma yi wa kai magani ba da sani ba: goro ko kofi ba ƙaƙƙautawa, sigari, lemun ƙarin kuzari, wani har tiramol da kodin. Ba kowane mai shaye-shaye ne ke da wannan larura ba, amma tana da yawa a cikinsu, kuma duk cibiyar gyaran hali da ba ta bincika ta tana iya sallamar mutum da abin da ya kai shi.

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke tabbatar da ita. Tarihi ne ke yanke hukunci, kuma sharuɗɗan suna da tsauri. Ga wanda ya kai shekara 17, ana bukatar aƙalla alamomi 5 cikin 9 na rashin tattara hankali, ko 5 cikin 9 na yawan motsi da garaje, waɗanda suka ɗauki wata 6 ko fiye. Dole wasunsu sun bayyana kafin shekara 12. Dole a gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da wurin aiki. Dole kuma su kasance suna yi wa rayuwa illa ta zahiri, domin mantuwa da shagala kowa na yi. Akwai takardar tambayoyi da aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, mai tambaya 18, wadda 6 na farko ke zama matata. Amfaninta ta nuna ko ya dace a ga likita, ba ta yanke hukunci.

Rabin aikin likita shi ne kore abubuwan da ke kama da ita. Ƙarancin barci, da minshari mai ɗauke numfashi, da ƙarancin jini, da ciwon maƙoƙo, da raunin ji, da farfaɗiya mai ɗauke hankali na daƙiƙoƙi, da ciwon damuwa, da firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, duk suna wargaza hankali. Wanda ya tashi da natsuwarsa, sai bayan rasuwa ko gudun hijira ko karayar arziki ya fara mantuwa, da wuya a ce wannan larura ce. Nan ne gajerun bidiyoyin intanet ke yin ɓarna. Sun wayar da kan mutane da yawa, gaskiya ne, amma wani nazari na 2022 da ya duba bidiyo 100 mafi farin jini kan batun a TikTok ya samu kusan rabinsu na ɗauke da bayani mai ɓatarwa. A Amurka, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙiyasta manya miliyan 15 da rabi masu shaidar likita a 2023, fiye da rabinsu kuma bayan sun girma aka gano su, muhawarar ita ce ko an fara wuce gona da iri. A Nijeriya da Nijar matsalar akasin haka ce.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ɗaruruwa kaɗan ne ga mutane fiye da miliyan 200. Duk da haka akwai ƙofofin da za a ƙwanƙwasa: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, da sassan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Abin da ya fi hana mutane zuwa shi ne tsoron a gan su a bakin ƙofar a ce sun taɓu, alhali wannan larura ba hauka ba ce, ba kuma daƙiƙanci ba.

Magungunanta iri biyu ne. Masu ƙara kuzari, wato metilfenidet da aka fi sani da Ritalin, da dangin amfetamin, su ne suka fi tasiri, suna fara aiki cikin awa guda, kuma mafi yawan masu sha suna ganin sauyi. Suna rage cin abinci, suna iya hana barci, suna ɗan ɗaga hawan jini da bugun zuciya, don haka sai an auna mutum kafin a fara, a ci gaba da aunawa. Suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, samun su na da wuya a ƙasashe da dama, kuma sayen su a bayan fage haɗari ne tsantsa. Ɗaya nau'in, atomoksetin, ba ya sa jaraba, amma ya kan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. A binciken Suwidin da aka ambata a baya, haɗurran hanya sun ragu da fiye da rabi ga maza a watannin da suke shan magani. Sai dai magani ba ya koya wa mutum tsari, sarari kawai yake ba shi ya koya. Horon sauya tunani da ɗabi'a da masana halayya ke bayarwa an gwada shi ga manya an ga amfaninsa.

Ga wanda bai samu likita ba, ko yake jiran layi, akwai abin yi tun yau, kuma duk dabarun a kan ginshiƙi ɗaya suke: kada a ɗora wa kai abin da za a iya ɗora wa takarda, ko agogo, ko wuri, ko wani mutum. Littafi ɗaya tak, ba takardu barkatai ba, a rubuta alkawari a gaban mai shi kafin a rabu. Ƙusa ɗaya a bakin ƙofa don makulli. Abin da za a fita da shi gobe a jingina shi da ƙofa tun dare, domin abin da ido bai gani ba, ga mai wannan larura, babu shi. Babban aiki a daddatsa shi har matakin farko ya zama abin da za a gama cikin minti 5. Ba “ɗinka shadda” za a rubuta ba, “shimfiɗa shadda a tebur” za a rubuta, domin farawar ce ke da nauyi. Taura biyu ba ta taunuwa, saboda haka waya ta koma wani ɗaki har a gama.

Lokaci shi ne babban abokin gaba, domin mai larurar ba ya jin wucewarsa. Ƙararrawar waya ta fi amfani idan an saita ta ga lokacin fara shiri, ba lokacin isa ba. Musulmi yana da turaku biyar da aka riga aka kafa masa a yini, kuma ɗaura aiki a jikin salla ya fi ɗaura shi a jikin agogo ƙarko: magani bayan asuba, lissafin shago bayan la'asar, duba littafin gobe bayan isha'i. Aiki kusa da wani, ko da ba ya taimakawa da komai, yana tsayar da hankali, shi ya sa wasu ke iya karatu a ɗakin karatu su kasa a ɗakinsu. A harkar kuɗi, adashi da cire kuɗin haya da na makaranta ranar da albashi ya shigo sun fi dogaro da ƙarfin zuciya, haka ma ƙa'idar kwana ɗaya kafin a sayi abu mai tsada. Barci isasshe a kan lokaci ɗaya da motsa jiki suna rage kaifin alamomin, ko da ba sa kawar da su. Duk tsarin da aka kafa zai rushe wata rana, wannan yana cikin larurar. A sake kafa shi washegari, ba tare da zaman makoki ba.

Zaɓin sana'a ma yana da tasiri. Da yawa sun fi walwala a aikin da ke da motsi da sauyi da sakamako na kusa, irin kasuwanci, gyare-gyare, aikin jarida ko sashen gaggawa na asibiti, matuƙar akwai mai riƙe musu lissafi da takardu. A gida, miji ko mata da suka fahimci abin sukan raba aiki bisa ƙarfin kowa, su sauya gori da tuni, su kuma bar dogon jawabi, su faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Amma sanin sunan larura ba ya ɗauke haƙƙi. Bashin da aka manta sai an biya, wanda aka ɓata wa rai sai an ba shi haƙuri. Abin da sanin ke sauyawa shi ne hanyar gyara. Waɗanda aka gano bayan sun girma sukan ji sauƙi da baƙin ciki a haɗe, sauƙin cewa ba lalaci ba ne, baƙin cikin shekarun da suka tafi, kuma likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin abin da aka saba gani.

Duk wanda ya ga kansa a wannan bayani, ya fara da rubuta misalai na zahiri na makonni biyu ko uku: me aka manta, me aka makara, me ya jawo. Ya nemo katin sakamakon firamare idan yana nan, domin abin da malamai suka rubuta a ƙasansa shaida ne. Ranar zuwa asibiti kuma ya tafi da mahaifiya, ko yaya, ko gwaggon da ta san ƙuruciyarsa, domin tambayar farko da likita zai yi ita ce yadda yake kafin ya kai shekara 12.